Birkin Inji Iri Biyar: Wanne Ya Dace da Tirelar da Za Ka Saya?

Mai sayen kan tirela a Katsina ko Daura yakan tambayi shekarar mota, ƙarfin inji, yawan taya da lafiyar giya. Da wuya ka ji ya tambayi da me motar ke riƙe kanta a gangara. Ba laifinsa ba ne, ƙasarmu ce shimfiɗaɗɗiya. Daga Daura zuwa Kano ta Kazaure, ko daga Katsina zuwa Jibiya, babu gangarar da za ta sa direba gumi. To amma motar da aka saya a nan ba a nan take neman abincinta ba. Shanun Mai'aduwa da na Charanci kudu ake kai su, masarar Dandume da Funtuwa ma haka, siminti kuwa har Obajana ake zuwa ɗauko shi. A waɗannan hanyoyi akwai tsaunukan Okene, akwai Hawan Kibo ga mai bin Jos, akwai gangarar tsakanin Akwanga da Lafiya, akwai ta shiga Inugu. Can ne ake gane bambancin kai da kai.

Ga ɗan lissafi. Mota mai nauyin tan 40 gaba ɗaya tana saukowa gangarar da ke faɗuwa mita 6 a kowace mita 100, a gudun kilomita 50 a awa. Nauyinta kaɗai yana tura ta da ƙarfin kilowat 327, wato wajen doki 440. Jan taya da iska na rage kaɗan, sauran kuwa dole wani abu ya shanye shi. Idan lainin birki aka bar wa aikin, duk wannan ƙarfi zafi yake zama: daram ya buɗe, lainin ya yi santsi, direba ya taka ya ji babu komai. In lodin ya kai tan 60, kamar yadda muka san ana yi, ƙarfin ya doshi kilowat 490. In kuma an sauko a gudun 25 maimakon 50, komai ya ragu da rabi. Riƙe waɗannan alƙaluma, da su za mu auna kowane birki.

Me ya sa injin gas ba ya riƙe mota da kansa

Ɗauki famfon keke ka toshe bakinsa da yatsa, ka danna. Iskar za ta matsu, amma da ka saki hannu za ta turo shi baya. Haka fistin yake yi in direba ya ɗaga ƙafa daga totur: ya matse iska da ƙarfin da tayoyi suka ba shi, sannan iskar ta mayar masa da kusan duk ƙarfin a hanyar saukowa. An tashi canjaras, mota na ta gudunta. Amma da a ce daidai ƙarshen dannawa ka ɗage yatsa iskar ta fice, babu abin da zai turo hannunka, ƙarfin ya tafi ke nan. Wannan shi ne birkin sakin matsi. Ana buɗe bawul ɗin hayaƙi kaɗan daidai lokacin da fistin ya kusa ƙure sama, iskar ta fita ta salansa da wannan ƙarar ta "tatatata" da kowa ya sani a bakin Mack.

Clessie Cummins, wanda ya kafa kamfanin injin Cummins, shi ya ƙirƙiro shi. A 1931 yana saukowa gangarar Cajon a jihar Kalifoniya ta Amurka birkin motarsa ya ƙi kamawa, saura ƙiris ya afka wa jirgin ƙasa mai ratsa hanya. Bayan ya bar kamfanin ya zauna ya tsara maganin abin, kamfanin Jacobs ya fara sayar da shi a 1961, sunan Jake ya bi shi. A 2022 Cummins ya saye sashen Jacobs mai ƙera waɗannan birki.

Wahalar tsarin ɗaya ce tun farko: yaya za a buɗe bawul a lokacin da iskar cikin silinda ke danne shi da ƙarfi, a daidai ƙiftawar ido, sau da yawa a kowace daƙiƙa, kuma a iya kashe abin da makunni ɗaya? Amsar da aka samu ita ce baƙin man injin kansa. Ana kulle mai a wata siririyar hanya, ya zama kamar sandar ƙarfe mai ɗaukar motsi daga wuri zuwa wuri. A buɗe masa hanya, sandar ta ɓace. Duk gyare-gyaren da aka yi cikin shekara sittin da wani abu a kan wannan hanyar man suke. Shi ya sa, a ganina, wanda ke zaɓen birkin inji a ƙasar nan ya fara duba halinsa game da juyen mai kafin ya duba takardar kamfani.

Ma'aunan da za mu bi

Na farko ƙarfin riƙo, da kuma a wane juyin inji ko wane gudu ake samunsa. Na biyu kuɗi, na saye da na riƙo. Kayan nan dala suke bi, don haka zan auna su da junansu maimakon sa naira da za ta tsufa kafin wata. Na uku juriya ga man da ya daɗe, ƙurar hunturu da zafin bazara. Na huɗu wa zai gyara, a ina, da wane kaya. Na ƙarshe irin haɗarin da kowanne ke jawowa in ya lalace ko aka yi amfani da shi ba daidai ba.

1. Birkin salansa zalla

Wani faifan ƙarfe ne a bututun hayaƙi, iska ke rufe shi in direba ya taka maɓalli ko ya ja makunni. Hayaƙi ya rasa hanya, fistin ya yi ta fama da shi. Babu ruwansa da mai. Shi ne mafi arha, kowane bakanike a gareji ya san shi, kayansa kuma ana samu a Kofar Ruwa ta Kano ba tare da wahala ba. Ciwonsa baƙin hayaƙi da tsatsa da ke sa faifan ya maƙale, sai ka ga an ɗaure shi a buɗe da waya an manta da shi.

Ƙarfinsa ne matsalar. A injin Volvo mai lita 13, alal misali, riƙon hayaƙi kaɗai yana ba da wajen kilowat 185, kuma sai inji ya kai juyi 2,300 a minti. A juyin tafiya na yau da kullum abin da yake bayarwa bai taka kara ya karya ba. Ba a iya ƙara masa matsi yadda aka ga dama, don in matsin ya yi yawa bawul zai fara tashi da kansa. Koma kan lissafinmu: tan 40 a gudun 50 ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba. A gudun 25 zai iya taimakawa sosai.

2. Salansa mai riƙe bawul: EVB da danginsa

Nan ne akasarin masu sayen sabuwar motar Sin za su tsinci kansu. Dabarar, wadda ake kira EVB, ta kamfanin MAN na Jamus ce, kuma ana samun irinta a injinan Sinotruk na HOWO da na Weichai da ke cikin Shacman, inda ake kiranta WEVB. MAN ya sayi kashi 25 cikin 100 na Sinotruk a 2009, injinan MC11 da MC13 ma daga zanensa suka fito.

Wayonsa shi ne ya mayar da aibin birkin salansa amfani. In faifan ya rufe, matsin hayaƙi yakan ɗan ɗaga bawul na ɗan lokaci. Sai aka sa wani ƙaramin fistin a cikin gadar da ke kan bawul biyun hayaƙi. Da bawul ya ɗan buɗe, mai ya turo fistin ɗin ya bi shi, ƙwallon ƙarfe ya toshe hanyar komawa, bawul ya tsaya a ɗan buɗe duk tsawon matsewa da saukowa. Idan lokacin fitar hayaƙi ya zo, gadar ta sauka, wata ƙaramar huda ta buɗe, man ya zube, komai ya koma yadda yake. Babu solonoyid nasa na kansa, wato makunnin lantarki mai buɗe wa mai hanya, babu waya a cikin murfin inji, babu ƙarin tozo a kamshaf, sandar nan mai tozaye da ke sa bawul buɗewa.

Ƙarfinsa ya fi na salansa zalla a fili, amma bai kai na cikakken sakin matsi ba, don iskar tsiyaya take yi a hankali, ba a barinta ta matsu sosai kafin a sake ta. Yana kuma son juyi mai yawa, sama da 2,000. Kuɗinsa kaɗan ne, don tare da inji yake zuwa. Abu biyu ke kashe shi a wurinmu. Na ɗaya, duk rayuwarsa a hannun faifan salansa take. Faifai ya maƙale, shi ma ya mutu. Na biyu, setin tafet. A ɓangaren hayaƙi wuri biyu ake setawa, na bawul da na sukurun da ke danne gadar, kuma tazarar ba ta kai rabin milimita ba a injina da yawa. Bakaniken da ya saba seti da kunne da yatsa zai gyara ɗaya ya bar ɗaya, motar ta tashi lafiya, amma birkin ya tafi. Sai an je Okene a gane.

Mercedes na da ɗan uwan wannan a tsofaffin Actros: ƙaramin bawul na daban a kan kowace silinda da ke buɗewa lokacin birki, tare da faifan salansa. Hanyar ta bambanta, amma a ƙarfi da kuɗi ajinsu ɗaya.

3. Tsohon Jake mai akwati a saman roka

Wannan shi ne na asali, wanda ake gani a Mack mai injin E7, da Cummins irin su N14, da Detroit Series 60 da Caterpillar 3406. Akwatin ƙarfe ne da ake ɗaurewa a saman roka, wato lilon ƙarfen nan mai danna bawul, shi ya sa murfin irin waɗannan injina ke da tudu.

Ya kamata a daɗe a nan, don wanda ya gane wannan ya gane sauran. Direba ya kunna makunni, ya ɗaga ƙafa daga totur da kuloci. Solonoyid ya buɗe, man inji ya shiga ya ɗaga wani bawul mai ƙwallo, ya cika hanyar da ke tsakanin fistin biyu: mai turawa da mai dannawa. Mai turawa ya sauko ya taɓa rokar injekta. Dalilin zaɓen injekta shi ne ita ce ke motsi daidai lokacin da fistin ya kusa ƙure sama, wato lokacin da ake so. Da rokar ta tashi, ta tura mai turawa, ƙwallo ya toshe hanya, man ya kulle, matsinsa ya ninka na famfon inji fiye da sau goma, mai dannawa ya danna bawul ɗin hayaƙi ya buɗe. A injinan da injektarsu ba ta da roka, ana aro motsin daga rokar hayaƙin wata silindar. Makunni mai mataki uku kuma yana zaɓen silinda 2, 4 ko 6.

Aibin wannan tsari aro ne. Motsin da ake amfani da shi ba don birki aka zana shi ba, don haka bawul kan buɗe da wuri ko ya daɗe a buɗe fiye da kima. Hanyar man kuma doguwa ce. Mai ba ya matsuwa sosai, amma yana ɗan matsuwa, balle in ya yi kumfa. Doguwar hanya na nufin wani ɓangare na motsin ya ɓace kafin ya isa bawul. Injiniyoyi sun yi ta ɗinke waɗannan ɓaraka ɗaya bayan ɗaya. Suka sa sukuru mai cike tazara da kansa in birki ya kama, don buɗewar ta zo a kan lokaci. Suka sa hudar da ke zubar da man da zarar bawul ya gama aikinsa, don ya rufe kafin fitar hayaƙi ta gaskiya, kada fistin ya same shi a hanya. Wasu suka koma buɗe bawul ɗaya maimakon biyu, nauyin da ke kan ƙarafan ya ragu.

A ƙarfi, wannan ya wuce biyun farko, kuma yana fara aiki da kyau tun daga tsakiyar juyi. A juriya yana da hali: ƙarafa ne manya, suna haƙuri da mai mai ɗan datti fiye da na zamani, kodayake ƙwallon da solonoyid ɗin ba sa son laka. Babban daɗinsa a gyara yake. Ana kwance akwatin a ajiye a kan benci, a wanke, a sauya robobi da sifirin, a mayar, a seta tazarar mai dannawa da geji. Injin zai ci gaba da aiki ko da an cire shi. Wahalar ita ce shekaru: motocin da ke ɗauke da shi sun tsufa, kayan asali sai an nema a Legas, na gwanjo kuma sa'a ne. Kuma shi ne sarkin ƙara, musamman in an huda salansa. A garuruwa da yawa na Amurka da Kanada akwai allunan hana amfani da shi. A nan babu allo, amma direban da zai kunna shi da asuba a tsakiyar Kofar Ƙaura ko kusa da asibiti ya san bai kyauta ba.

4. Sabon tsari na cikin roka

Daga baya sai aka daina aro. Aka zana wa birki tozonsa na kansa a jikin kamshaf, aka ɗauke fistin mai dannawa da ƙwallonsa aka cusa su a cikin rokar kanta. Mai yana zuwa ta cikin sandar da roka ke lilo a kai. Hanyar man da ke kullewa ta koma 'yar guntuwa, motsi ba ya ɓacewa, akwati ya tafi, nauyi da tsayin inji suka ragu. Volvo ya fito da nasa, VEB, tare da FH12 a 1993. A nasa tsarin ƙananan tozaye biyu ne a ɓoye cikin tazarar bawul. In an ƙara matsin mai a sandar roka, fistin ya cike tazarar, bawul ya fara jin su.

Tozo na biyun nan shi ne babban ci gaba. Yana buɗe bawul ɗin hayaƙi na ɗan lokaci a farkon matsewa, iska mai matsi da ke bututun hayaƙi ta dawo cikin silinda. Silinda ta cika fiye da da, fistin ya sha wahala fiye da da, riƙo ya ƙaru. Ga tobo kuma da kwamfuta ke sa shi ƙaro iska lokacin birki. Sakamakon a fili yake: injin nan na Volvo da ke ba da kilowat 185 da hayaƙi kaɗai, da VEB+, wato ingantaccen VEB, yana kai 375 a juyi 2,300. OM471 na sabuwar Actros yana kai wajen 400. DAF na da nasa a injin MX, Mack na da PowerLeash, Cummins na da shi a ISX. A lissafinmu na tan 40, wannan birkin zai riƙe motar a gudun 50 ba tare da an taɓa lainin ba. Jacobs ya ma wuce nan, da tsarin da ke kashe buɗewar bawul ta yau da kullum don a sami sakin matsi a kowane juyi maimakon kowane juyi biyu, wanda ke ba da ƙarfi tun a ƙaramin juyi, amma ba shi ne za ka tarar a kan Beljiyam ba tukuna.

Kuɗin wannan ci gaba a mai ake biyansa. Hudojin ƙanana ne, fistin ɗin an goge shi daidai wa daida. Man da ya wuce lokacinsa, ko na jarka da ba a san asalinsa ba, ko filtar iska da ta fashe ta bar ƙurar hunturu ta shiga, duk suna sa fistin ya maƙale. In ya maƙale a ciki, birki ya yi sanyi. In ya maƙale a waje, bawul ba zai zauna ba, inji ya fara tsallake, bawul ya ƙone. Injin da metal ɗinsa ya ci, matsin mai ya faɗi in ya ɗau zafi, shi ma ba zai iya cika rokar ba. Kuma kwamfuta ce ke ba da izini: sai mai ya yi ɗumi, sai juyi ya haura wajen 1,000, sai makunnin kuloci da na totur sun ce to. Waya ɗaya da ɓera ya ci ta isa ta kashe birki lafiyayye. Gyaransa na bukatar mai na'urar karanta kwamfuta da bakanike mai littafin seti, kuma roka ɗaya ta asali ba ƙaramin kuɗi ba ce.

5. Ritada

Wannan ba a inji yake ba, a bayan giya yake. Fanka biyu ne a cikin akwati, ɗaya na juyi da furofela, ɗaya a tsaye. A tura mai tsakaninsu, man ya riƙe mai juyin. ZF na kiran nasa Intarder, Voith da Scania ma suna da nasu. A babban gudu babu kamarsa, yana kai wajen kilowat 500, shiru babu ƙara, babu fizga, kuma yana riƙe mota ko ana tsakiyar canjin giya. Amma da gudu ya sauko ƙasa sosai ƙarfinsa ya zube, don da juyin furofela yake aiki. Duk zafin da ya tara kuma ruwan lagireto yake bai wa. A watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, lagireto ya toshe da ƙura, kwamfuta za ta rage masa ƙarfi a tsakiyar gangara don ceton inji. Shi ya fi kowanne tsada a saye da gyara, kuma in na'urar sanyaya shi ta fashe ruwa ya haɗu da mai, asarar na iya kaiwa ga giya.

| Iri | Ƙarfin riƙo | Kuɗi | Juriya a nan | Gyara | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Salansa zalla | Kaɗan | Mafi arha | Mai kyau | Kowane gareji | Direba ya dogara da shi |
| EVB da danginsa | Matsakaici, sai da juyi mai yawa | Arha | Mai kyau in faifai na aiki | Mai sauƙi, sai da geji | Mugun seti, ya mutu ba a sani ba |
| Tsohon Jake | Mai yawa | Matsakaici | Mai kyau, amma ya tsufa | A kan benci, kaya na wuya | Ƙara, kayan gwanjo |
| Na cikin roka | Mafi yawa a inji | Mai tsada | Sai da mai mai kyau | Ƙwararre da na'ura | Ƙonewar bawul, matsalar waya |
| Ritada | Mafi yawa a babban gudu | Mafi tsada | Sai da lagireto mai tsabta | Ƙwararre | Zafin ruwa, rauni a ƙaramin gudu |

Akwai haɗarin da ya game su duka: tayoyin da inji ke ja kaɗai suke riƙewa. Da damina, a kan kwalta mai santsi, ko mota ba lodi, mataki na uku na iya sa tayoyin kai su zame, bodi ya turo ya naɗe kai. A irin wannan hali a kashe shi ko a tsaya a mataki na ɗaya. Sai kuma ɗabi'ar sakin mota a furi don tattalin gas. A furi babu birkin injin da ke aiki, kwamfireso kuma na juyi a hankali yayin da direba ke ta zubar da iska. Tattalin ma na banza ne, don lokacin da birkin inji ke aiki an yanke wa nozul gas gaba ɗaya. Ɗaya gefen kuma, kada neman riƙo ya sa a sauke giya har allura ta shiga ja. Giyar da za a sauka da ita tun a saman gangara ake zaɓenta.

Wa ya dace da wanne

Mai tifar yashi a cikin Katsina, ko mai kai kaya Kano, Maraɗi ta Jibiya ko Damagaram ta Kwangwalam, birkin salansa lafiyayye ya ishe shi. Kada ya biya kuɗin abin da hanyarsa ba ta nema. Ya dai kwance wayar nan ya gyara faifan.

Mai HOWO ko Shacman da ke jigilar siminti da hatsi tsakanin arewa da kudu, EVB ne rabonsa, kuma zai yi masa aiki in ya yarda da sharaɗi biyu: seti da geji bisa alƙaluman da ke jikin injin, da direban da zai sauko gangara a ƙaramar giya, juyi sama da 2,000, gudu ƙasa. Da lodin tan 60 kuwa, babu EVB ɗin da zai riƙe ta a gudun 50.

Mai mota ɗaya ko biyu, wanda ke da tsohon bakaniken Mack da ya yarda da shi, kuma ba kullum yake juye a kan lokaci ba, tsohon Jake zai fi yi masa haƙuri. Mai motoci da yawa da ke rubuta ranar juye, yana sayen mai da filta daga dila sananne, shi ne zai ci moriyar na cikin roka, kuma kuɗin lainin da daram da zai rage za su nuna a littafinsa. In ba ka cikin waɗannan, ƙarfin kilowat 375 ɗin nan a takarda zai tsaya.

Mai ɗaukar shanu da mai tanka suna da wata bukata dabam, wato taushi. Fizga ɗaya na sa dabbobi su faɗa kan juna, tanka mai rabin lodi kuma ruwan cikinta ya bugo gaba. Gare su ritada ce ta fi, in aljihu da lagireto za su ɗauka, kuma mafi kyau a same ta tare da birkin inji don ƙaramin gudu. In babu, a nemi birki mai mataki uku a koya wa direba hawa matakan ɗaya bayan ɗaya.

Kusan duk wannan a ranar sayen kai ake yanke shi, don ɗora birkin sakin matsi a injin da bai zo da shi ba na iya cin roka, kamshaf, wayoyi da sauya bayanan kwamfuta. Kada sunan mota ya ruɗe ka: a DAF da Volvo da yawa zaɓi ne mai ƙarin kuɗi, kuma wadda ta yi aiki a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin Holan na iya zuwa da salansa kaɗai. Ka sa a buɗe murfin inji bakanikenka ya gani da idonsa. Ka duba gejin mai bayan inji ya ɗau zafi, ba da sanyin safiya ba. Sannan a fita hanyar Kano da lodi, a kai juyi 2,000, a ɗaga ƙafa, a gwada kowane mataki a ji ko riƙon na ƙaruwa daga na ɗaya zuwa na uku. In mataki biyu suka yi kama da juna, akwai solonoyid ko rokar da ba ta aiki, sai a cire kuɗin gyaranta daga ciniki kafin a biya.